Ranar da Abu Nasir Ya Manta Gilashinsa

A duk shekarun da na yi ina farrashi a wata sakandaren maza ta kuɗi da ke unguwar Zahir a Makka, rana ɗaya ce ta ƙi fita daga raina: Talatar da muka zaunar da iyaye jarrabawa. Ku da kuka zo aikin nan bayana kun sha jin labarin a ɗakin shayi, kowa da ƙarin da yake yi masa. Ni na zuba shayin ranar, don haka ga yadda aka yi.

Farrashi, ga wanda bai sani ba, shi ne mai buɗe ajujuwa, mai shara, mai kai takarda daga ofis zuwa ofis, mai dafa shayi. A tsarin makaranta mudir, wato shugaban makaranta, ne a sama, sai wakilinsa, sai malamai, sai murshid mai ba ɗalibai shawara, sai na'urar sanyaya ɗaki, sannan ni. In na'urar ta lalace har taro ake kira. In ni na kwanta ciwo, sai an nemi shayi ake tunawa da Ammi Isa.

Yaro ba ya shiga jami'a a nan da sakamakon makaranta kaɗai. Akwai jarrabawar da ake kira ƙudurat, ta harshe da lissafi, wadda ake fara zama tun daga aji biyu. A aji uku kuma ga wata jarrabawar, tahsili, ta darussan da aka karanta. Jami'a sai ta haɗa su duka ta fitar da maki ɗaya. Ita ƙudurat ana barin yaro ya sake ta, a ɗauki wadda ya fi ci. Wahalarta agogo ne: kowane kashi da mintocinsa, in sun cika an wuce.

Murshid ɗinmu a lokacin Ustaz Fu'ad ne, Bahaushe haifaffen nan, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Duk shekara yakan kira iyayen 'yan aji biyu ya yi musu bayanin wannan tsari, su kuwa su sha shayi, su duba waya, su koma gida su ci gaba da cewa yaro likita zai zama.

A wannan shekarar akwai wani ɗalibi Nasir, yaro mai natsuwa, wanda ya zauna ƙudurat karon farko bai yi abin kirki ba. Babansa mai motocin haya ne daga unguwar Hindawiyya, bas-bas ɗinsa ke kwasar alhazai daga Arfa zuwa Muzdalifa lokacin aikin Hajji. Abu Nasir muke ce masa. Ban ce Alhaji ba, don a Makka har kyanwar unguwa Hajiya ce.

Da safiyar Talatar ya tsayar da yaron a bakin ƙofa ina shara.

"Baba, na san amsoshin," in ji Nasir. "Lokaci ne ya ƙare."

"Kai kaɗai lokacin ya ƙare wa? Sauran yaran da rana biyu aka ba su? Yau zan karɓi malaf ɗinka. Gobe ka bi ni gareji, can babu agogo."

Malaf shi ne fayil ɗin ɗalibi. In uba ya karɓe shi ya fita da shi, an gama da makaranta ke nan. Na kai wa Ustaz Fu'ad labari tare da shayinsa. Ya ce in gaya wa uban cewa mudir ba zai sa hannu ba sai bayan taro. Mudir bai ma san da maganar ba.

Bayan azahar iyaye suka cika ɗakin taro. Maimakon jawabin da aka saba, Ustaz ya raba musu takarda da fensir. Ya ce tambaya goma ce irin ta yaransu, minti goma, babu waya, babu magana.

Ban taɓa ganin dattawa sun koma yara da sauri haka ba. Wani ya tuna yana da baƙi a gida. Wani ya ce shi hawan jini gare shi, likita ya hana shi lissafi. Wani malami mai gemu har ƙirji, wanda ke yi mana wa'azi kan amana, na kama shi ya miƙa wuya kamar raƙumi yana leƙen takardar maƙwabcinsa. Da muka haɗa ido sai ya ce, "Ammi Isa, shayin nan ya yi sanyi."

Abu Nasir kuwa ya karɓi tasa takardar, ya juya ta, ya shafa aljihun sama, ya shafa na gefe.

"Kash. Na manta gilashina a mota."

Nan da nan na gane shi. Shekara talatin na yi ina manta wannan gilashin. Na manta shi a asibiti, na manta shi a ofishin takardu, na manta shi ranar da 'yata ta kawo min sakamakonta na firamare tana murna. Ban taɓa mallakar gilashi ba sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci na bayan la'asar, shekara biyu kafin wannan rana. Mai mantuwar gaske fushi yake yi da kansa. Irinmu kuwa aljihu biyu muke shafawa, sannan mu kalli ƙofa.

Da an bar shi da ya tashi zuwa mota, ya dawo bayan an gama, ya karɓi malaf. Sai Allah ya kawo Abu Majid, ma'aikacin ofis, maƙwabcinsa a unguwa, wanda suka daɗe ba sa ga maciji da juna kan wurin ajiye mota. Ya zaro gilashi daga aljihu yana murmushi.

"Ga nawa na biyu, Abu Nasir. Ai maƙwabtaka ta wuce haka."

Abu Nasir ya saka. Ya ɗaga takardar. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, na'urar sanyi kuwa lafiyarta ƙalau. Mutum ne mai direbobi da yawa a ƙarƙashinsa, ga rabin Hindawiyya a ɗakin. Na san in ya fita da wannan kunya, a kan yaron zai sauke ta.

Na ajiye buta na matsa.

"Abu Nasir, cire wannan, ba lambar idonka ba ce, zai jawo maka ciwon kai." Na juya da Larabci na ce, "Ustaz, ka yarda in karanta masa?"

Ustaz ya dube ni, ya dube shi, ya ce babu laifi, amma agogo ba zai tsaya ba.

"Kai ka iya?" Abu Nasir ya tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"Ina lallaɓawa. Ajin la'asar nake zuwa."

Ban taɓa karatu a gaban kowa ba sai malaminmu da tsofaffi 'yan'uwana. Na ɗora yatsa a kan layi na fara, harafi na bin harafi kamar motoci a hanyar Mina. Tambayar farko: mutum dubu ɗaya da ɗari biyu, kowace mota tana ɗaukar arba'in da biyar, mota nawa ake bukata?

Kafin in kai ga zaɓin amsoshi ya ce, "Ashirin da bakwai. Ta ƙarshen mutum talatin ne a ciki."

Ta biyu kan motoci biyu ce masu gudu daban-daban. Ita ma ya faɗa, har da ƙorafin cewa babu direban da zai riƙe gudu ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ya fara jin daɗi, ya gyara zama, ya ce in yi sauri. Ta uku wani dogon bayani ne kan yadda tsire-tsire ke shan ruwa. Na shiga ciki na maƙale a wata kalma mai harafi bakwai. Ina tsakiyar kokawa da ita Ustaz ya buga tebur ya ce a ajiye fensir.

Abu Nasir ya miƙe tsaye.

"Ustaz, wannan ba adalci ba ne. Da an bar ni da na cinye su. Na san abin, lokaci ne ya ƙare."

Ustaz Fu'ad ya shiga tattara takardu. Ni ma na ɗauki butata. Abu Nasir ya tsaya da bakinsa a buɗe, kamar wanda ya ji muryar wani ta fito daga cikinsa. Ya koma ya zauna a hankali.

Da aka zo duba amsoshi, Abu Majid ashirin da shida ya zaɓa a ta farko. Ashe ya latsa waya a ƙarƙashin tebur, ta ba shi ashirin da shida da ɗoriya, ya zubar da ɗoriyar.

"Mutum talatin ɗin fa?" in ji Abu Nasir. "A Arfa za ka bar su su kwana? Karɓi gilashinka, kai ka fi bukata."

Ranar ce kaɗai na ga iyaye sun saurari bayanin murshid har ƙarshe. Ya koya musu cewa yaro ya riƙa gwaji da agogo a gabansa, ya tsallake tambayar da ta ƙi ya dawo mata, a kuma daina aikensa kasuwa ana saura kwana biyu jarrabawa.

Nasir yana bakin ƙofa yana jiran malaf. Uban ya wuce shi, ya dawo.

"Me kake yi tsaye a nan? Gobe ba makaranta?" Ya cire agogon hannunsa ya miƙa masa. "Riƙe. In ka ga tambayar tsire-tsire, ka tsallake ta."

Da yaron ya yi gaba, ya matso kusa da ni.

"Ajin nan naku na la'asar, ana ganin mutanen unguwa?"

"Ana gani. Amma duk masu mantuwar gilashi ne, babu mai tona wani."

Nasir ya sake jarrabawar ya ɗara na farko. Bai zama likita ba, harkar sufuri yake karanta, uban kuwa yana faɗa wa kowa cewa shi ya zaɓa masa.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki shirya yaro ba shi ne wahala ba, yaro ya riga ya san tsoron takarda. Uban ne ke bukatar a zaunar da shi minti goma. Ku kuma masu zuba shayi, ku riƙa kallon hannun mutane. In kun ga dattijo ya shafa aljihu biyu, ku matsa kusa.

Abu Nasir ya zo ajinmu bayan an gama aikin Hajji. A mako na farko malam ya lura yana matse ido a gaban allo, ya tura shi asibiti. Aka auna, aka ce lallai yana bukatar gilashi. Yanzu da igiya yake rataye shi a wuya.