Man Gyaɗa a Cikin Giya

Motar ta wani Bature ce da ya gama aikin dam zai koma gida. Maigidana ya saye ta a shekarun da kowa ke sayen abin da bai san kansa ba. Da kanta take canja giya, kuma jan mai take sha, wanda sai a Kano ake samu. Ni dai na yi murna don abu ɗaya: 'yata ba ta cika lafiya ba, ƙauyenmu yana can bayan Gwiwa, asibiti kuwa sai Kazaure.

Ni ke share inda take kwana, don haka ni na fara ganin ɗigon ja a ƙasa. Kullum yana ƙara faɗi. Na gaya masa yana cin tuwo da ƙanensa.

"Malam, motar nan tana zubar da jan abin nan."

"Ka ji bakanike," ya ce da ƙanen. "Wadda ba ta iya rubuta sunanta ba."

Suka yi dariya. Amma da ya kai ta gareji aka ce masa man giya ya kusa ƙarewa, ya je Kano ya sayo irinsa. Ya ce ba zai yi tafiyar yini don mai ba. Ya shigo ɗakina ya ɗauki man gyaɗar da na matse don kasuwar Roni.

"Malam, na suya ne fa."

"Mai ai mai ne. Naki ma ya fi na Turawa ƙamshi."

Ya ɗura. Motar ta yi 'yan kwanaki tana tafiya, tana ƙaurin ƙuli-ƙuli, yana ta ba mutane labarin dabararsa.

Sai ƙyanda ta kama yarinyar, idanunta suka manne. Muka kama hanya da hantsi. A hawan duwatsun nan kafin Kazaure injin ya yi ta gurnani, ƙafafun suka ƙi juyawa. Ya ce in kwantar da yarinyar a kujera in tura motar. Na tura ina jin numfashinta ta taga.

Wata babbar mota mai buhunan gero ta tsaya. Direban ya leƙa ya ga yarinyar.

"Alhaji, kawo su in sauke su a ƙofar asibiti."

"Matata ba ta shiga motar ƙatti. Ni kuma ba na barin tawa a daji."

Muka zauna a gindin dutse har la'asar, ina kore mata ƙuda da bakin mayafi. Sai washegari muka isa asibiti, bayan shanu sun ja motar zuwa gari. Ma'aikaciyar jinya ta buɗe idon yarinyar na hagu da yatsa, ta dube ni, ta ce ina nake tun jiya.

Idon bai dawo ba. Duk wanda ya zo jaje, maigidana ya gaya masa ban iya matsar mai ba, na bar ruwa a ciki.