Abincin da Aka Ba Sanusi

Wata Talata cikin damina, shekarar da na shiga aji uku, Inna ta goya ƙanena Sanusi muka taka daga Liba zuwa asibitin Maiyama. Gero bai nuna ba, rumbunmu kuwa ya daɗe da zama wurin kwanan kaji. Sanusi ya shekara biyu amma ya daina tafiya, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura. Malamar asibiti ta auna dantsensa da wani zare mai launi, ta ce tamowa ce, sannan ta miƙa wa Inna 'yan ledoji na wani abinci mai kama da tunkuza, wanda gwamnati ke rabawa kyauta. "Magani na," in ji ta, "nashi na shi kaɗai."

Ni aka bar wa ciyar da shi, don Inna a gona take wuni. In na share tsakar gida, na ɗebo ruwa, na zuba wa awaki dusa, sai in zaunar da shi gindin dogon yaro in yage leda. Yakan lasa sau biyu ya kau da kai. Ranar farko yatsana kawai na lashe. Kafin mako ya zagayo, rabi nasa ne rabi nawa, in na gama kuma in fita wasan carafke da ƙarfina. Ban ji ina aikata laifi ba. Cikina dai ya yi shiru, shi ke nan.

Kowace Talata akan ɗora shi a sikeli, malama ta dubi kati, ta dubi Inna. "Yana cinyewa duka?" Inna ta ce yana cinyewa. Ina tsaye a gefenta. Ya rasu ana saura kwanaki a fara gasa tumu, aka ce zawo ne. Washegari Inna ta raba mana, mu yaran gida, ledojin da suka rage, na karɓi tawa na ci.

Yanzu ina aure a Jega. Masu duba yara har gida suke zuwa, suna koya wa mata dama kunun waken suya da gyaɗa, kuma 'ya'yana biyu ba wanda ya taɓa kwantawa da yunwa. In na je Liba, ni da Inna mukan zauna mu tsince wake, mu yi hirar ruwan bana da wanda ya haihu, wani lokaci ta ce da Sanusi na raye da yanzu shi ke riƙe mata gona. Har yau ban san ko ta sani ba.