Shafin da Ban Ɓata Ba

Ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ma ga maciji. In muka haɗu a gidan makoki yakan ce "Malama," in ce "Yaya," kowa ya kama gabansa. Dangi sun yi sulhu har sun gaji. Duk wanda aka turo mini sai ya gyara zama ya ce, "Haba, a kan littafi guda?" E, a kan littafi guda ne, kuma har yau ban huce ba.

Littafin na mahaifinmu ne. Kakanninmu daga bakin Tafkin Chadi suka taso suka zauna a Haɗejiya, da sana'arsu ta rubuta Alƙur'ani da hannu. Baba ya gaje ta, amma an fi saninsa da zayyana, wato adon nan na ja da rawaya da ake yi a farkon sura da gefen shafi. Mutum ne marar magana. Zai wuni a zaure da alƙalamin kara da ƴan kwalaben tawada, ba ka jin komai sai ƙaran alƙalami a kan takarda.

Yana da aboki malamin dabbobi, wanda wata rana ya kawo masa wani tsohon littafi da Turawa suka bari a ofishinsu. Duk zanen tsirrai ne masu guba na ƙasarsu. Baba bai iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba, amma ya riƙe littafin wata guda. Abin da ya kama shi shi ne tsarin aikin: ga tsiron a tsaye tun daga saiwa har fure, ga ganye ɗaya a gefe an shimfiɗa shi, ga furen an tsaga shi biyu, ga ƙwayar iri. Akwai wata da ta fi ɗaukar hankalinsa, mai shuɗin fure, kowane fure ya rufo kamar hular alkyabba, ganyenta a rarrabe kamar yatsu, saiwarta baƙa kamar ƙaramin rogo. Abokin ya ce masa sunanta a yarensu yana nufin hular masu ibada, kuma ta fi duk sauran kisa. Ita Baba ya fara kwaikwaya don hannunsa ya saba, da shunin da ya samo a marina.

Daga nan ya shiga zana namu na gida. A shekarar an yi asarar shanu a wajen dausayin Baturiya, baƙin makiyaya sun sauka ba su san ciyawar wurin ba. Baba ya zana zaƙami da ƴaƴansa masu ƙaya, ya zana tunfafiya, da tinya, da bini-da-zugu, da duman rafi da ke sa awaki makyarkyata, da tururibi mai rawayan fure da ke tsirowa bayan an ƙone daji. Ya haɗa su littafi, shafi ashirin da ɗaya, har da na mai shuɗin furen nan a farko. Ni ce ke tare da shi a duk wannan aiki, ina kakkaɓe ƙasar saiwa, ina riƙe reshe kada ya yi yaushi kafin ya gama. Yayana a lokacin yana tasha, wai yana koyon mota.

Baba bai rubuta suna a kan ko ɗaya ba. Ya ce waɗanda zai nuna wa ba karatu suke yi ba, kuma mugu in ya samu hoto da suna a wuri ɗaya an gama masa aiki. Sai ya yi abin da ya iya. Wadda ke sa dabba ciwo kawai, ya zagaye ta da siririn layin rawaya. Wadda ke kashewa, ya yi mata jar zayyana. Gwargwadon muguntar tsiro, gwargwadon yawan adon da ke kewaye da shi. Da rani yakan hau kwalekwale ya bi rugage ya buɗe wa makiyaya, ya sa yatsa a kan jan ya ce, "Wannan, ku kiyaye." Sun gane. Ba a taɓa samun wanda bai gane ba sai ɗan da ya haifa.

Da Baba ya rasu aka zo rabon gado, kawunmu ya ce littattafai na ɗa namiji ne. Na ce a ba shi duka, a bar mini wannan guda ɗaya. Yayana ya ɗaga shi ya jujjuya, ya ga yadda idona ke binsa, ya sa shi a hammata. Wallahi ba don yana so ba, don ya ga ina so ne. Haka yake tun muna yara. In ya ga ina lallaɓa ƙashin kifi sai ya ce nasa ne.

Motar ba ta karɓe shi ba. Ya yi sayar da shinkafa, ya yi dillancin babura, ƙarshe ya sayi lasifika ya zama mai maganin gargajiya. Ranar kasuwa na je sayen kayan miya na ji muryarsa tana tashi: "Littafin asirin magabata! Daga Barno aka zo da shi a kan raƙumi!" Na leƙa. Ga littafin Baba a buɗe a kan tabarma, rana na dukansa, an danne gefensa da dutse, ƙudaje na sauka a kai. Mutane sun yi da'ira suna kallon adon, shi kuwa yana lissafo cututtukan da kowane shafi ke warkarwa, daga basir har rashin haihuwa. Na tsaya a bayan mutane ina kallo. Ya hango ni ya ce a lasifikar, "Ga ƙanwata ma, malamar makaranta ce, ku tambaye ta!" Na juya na tafi ban sayi ko albasa ba.

Abin da ya sa na yi shiru shi ne na san abin da ke cikin ƙullin da yake sayarwa. Matarsa ce ke daka masa, garin sabara ne da kuka da ɗan kanwa. Ba ya warkarwa, ba ya kashewa. Littafin talla ne kawai.

Sai wata rana ya zo gidana, abin da bai saba ba, har da tsarabar mangwaro. Ya buɗe shafin farko, na mai shuɗin furen nan, wadda Baba ya yi wa jar zayyana har hawa uku.

"Malama, ke kika zauna da tsohon nan. Wannan a ina take fitowa?"

"Me za ka yi da ita?"

"Ke ba ki ga adon ba? Ai wadda ya fi ƙawatawa ita ce uwar magani. Mutum ba zai ɓata tawada haka a kan banza ba."

A nan ya kamata in gaya masa. Ban gaya masa ba. Na dubi fuskarsa mai maiƙo, na tuna dutsen da ya danne littafin da shi, na ce, "Sai ka nema. Baba dai daji yake shiga."

Damina biyu yana nema. Ya bi fadamun Auyo, ya shiga ruwa cikin ciyawar kacala har wuya a Baturiya, ya yi jinyar zazzaɓi sau biyu, ya je har Miga don wani ya ce ya ga shuɗin fure a bakin gona. Ni kuwa na san tsiron ko a mafarki bai taɓa taka ƙasar nan ba, na ƙasar sanyi ne. Duk lokacin da matarsa ta zo tana ba ni labarin wahalarsa sai in ce "Allah sarki," in shiga ɗaki in yi dariya har da hawaye. Ba na ɓoyewa, na ji daɗin wannan wahala tasa ƙwarai.

Dariyar ta ƙare ran wata Laraba da hantsi. Ya tsaya da babur a ƙofar gidana, ya sauke buhu, ya zazzage a tsakar gida. Saiwoyi ne masu kauri, da sauran rawayan fure a jikin wasu. Ya buɗe shafi na biyu ya ajiye kusa da su, yana haki don murna.

"Ta farko ta gagara, amma ga ta biyu. Duba ki gani, ko gashin ganyen bai bari ba!"

Gaskiya ya faɗa. Hannun Baba ba ya ƙarya, shi ya kai shi har gindin tururibi. Ya ce wani manomin shinkafa da ciwon ciki ya dama ya nuna wannan shafi da kansa ya ce ita yake so, kuma akwai wasu mutum shida suna jira. Zai shanya, a daka, a sha da kunu.

Na ce, "Yaya, wannan guba ce. Sa guda take kayarwa. Duk littafin nan guba ne, jan da kake gani gargaɗi ne."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Shekara biyu ina tambayarki ba ki ce guba ba ce, sai yau da na samu? Baƙin ciki dai, Malama. Tun ranar rabon gado yake cin ki."

Na rantse masa da Allah. Na ce ya je ya tambayi kowane Bafillace. Ya ce ai Fulani dabba suka sani, ba mutum ba, kuma kowane magani mai ƙarfi haka jahilai ke ce masa. Ya fara mayar da saiwoyin cikin buhu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yana da hujja. Ni na yi shirun da ya sa maganata ta zama banza.

Na yi tunanin ƙwace littafin in ɓoye. Kafin magariba kawu zai aiko a ce in mayar, gadonsa ne. Na yi tunanin jefa shi a murhu, hannuna ba zai iya ba. Sai na sassauta murya na ce, "To, na ji. Bar mini shi zuwa la'asar, da buhun, in zauna in tuna. Kamar Baba ya taɓa gaya mini inda mai shuɗin take." Idonsa ya yi haske. Ya tafi har yana ce mini Allah ya yi albarka.

Buhun na fara juyewa a masai. Sannan na wanke hannu, na shimfiɗa tabarma, na ɗauko jan biron da nake gyaran jarrabawar yara da shi. Na buɗe shafin tururibi. Na daɗe ina kallonsa. Na tuna ranar da aka zana shi, ina riƙe da reshen, Baba yana cewa kada in motsa. A tsakiyar shafin, a kan furen da ganyen, inda ba mai iya yankewa ya bar hoton, na rubuta da manyan baƙaƙe: GUBA. TANA KASHEWA. Na maimaita da ajami a ƙasa. Biron ya kama takardar ya ɗan yage ta, don tsohuwa ce.

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Zaƙami, tinya, duman rafi. Baba ya yi shekara uku yana wannan aiki, ni na gama da shi tsakanin azahar da la'asar. Ina yi ina kuka, ina zagin yayana, ina zagin kaina. Mutumin da bai taɓa barin ɗigon tawada ya faɗi inda bai nufa ba, ga rubutuna na allon aji a kan aikinsa kamar tafiyar kaza. Shafi ashirin na ɓata. Na farkon kaɗai na bari, don ba wanda mai shuɗin fure za ta kashe a Haɗejiya.

Da ya dawo ya buɗe, sai da ya zauna a kan turmi. Ya bi shafukan yana juyawa da sauri. Ya san kowane ɗan firamare a kasuwa zai karanta wa ubansa abin da ke jiki. Ya kira ni da sunayen da ba zan maimaita ba, maƙwabta suka cika gidan. Ya tambayi buhunsa na nuna masa masai. Sai ya koma shafin farko, ya ga babu rubutu, ya kama shi ya fizge daga ɗinkin.

"Wannan da kika bari, ita ce ta gaskiyar. Na gane ki!"

Ya ninke shi ya sa a aljihu, ya wurgo mini sauran a ƙirji. "Ga tsiyarki nan, ki ci."

Haka na samu littafin da na roƙa ranar rabon gado. Yana cikin akwatina, a naɗe cikin rawanin Baba. Manomin nan na ji yana nan da ransa, an yi masa aiki a asibiti, bai san ni ba, ban san shi ba. Mutane na ce mini na yi jihadi. Ni dai na san da na buɗe baki ranar da ya zo da mangwaro, wataƙila da ban kai ga biro ba.

Sau ɗaya na buɗe littafin tun daga ranar, don jikata ta ce in nuna mata zanen mahaifina da nake ba ta labari. Ta duba, ta duba, ta ce, "Wane ne ya yi masa wannan ɓarnar?" Na rufe na ce ta je ta yi wasa.

Yayana yana nan a kasuwa da lasifikarsa da garin sabararsa. Ya sa an manne wa shafin leda, ya rataye shi a jikin rumfa, yana gaya wa mutane saura kaɗan ya gano inda take fitowa. Ba na gaishe shi. Amma duk ranar kasuwa sai na bi ta layinsa, ko ba ni da abin saye a can, in rage tafiya daidai rumfar, in saci kallon shuɗin furen nan. Shi kaɗai ne ya rage yadda Baba ya bar shi, kuma ba a hannuna yake ba.