Fankar da Na Cire

Kafin a san ni da sata, ni ɗalibin zanen gine-gine ne, ina hayar ɗaki ɗaya a Bwari. Ba na hira, ba na yawo. Daga littafi sai tsohuwar kwamfutar da kawuna ya bar mini.

Matsalarta zafi. Idan na sa ta fitar da hoton gini, aikin da kan ci awa biyar, sai ta yi ta huci, ta mutu a tsakiya, in koma farko. Mama Ladi, wata dattijuwa mai ginin tukwane a bayan gidanmu, ta ji ina ƙorafi, ta ba ni randa kyauta. Ta ce, "Ɗauka, ɗana. Ruwa a ciki yana sanyi kamar na firji."

Na cika randar, na sa ƙaramin famfon tankin kifi yana tura ruwan ta siririn tiyo zuwa cikin kwamfutar, ya zaga ya dawo. Ta daina mutuwa. Na buɗe littafi ina rubuta komai: abin da na ƙara, inda na samo shi, digiri nawa zafin ya sauka.

Buƙatata ta biya tun a nan. Amma lambar zafin nan ta shiga raina, kullum so nake ta ƙara sauka. Na kwance fanka daga wata matacciyar kwamfuta a makaranta, na ce ai ba mai amfani da ita. Aka tura mu auna wani gida da ba kowa a Lugbe, na yanko bututun jan ƙarfe daga esin da ke sanyaya gidan. Duka na rubuta.

A bakin layinmu akwai kyamis ɗin wani Alhaji Bazazzagi. Wata Juma'a da bazara ya kira ni. "Injiniya, zauna mini a shago in je masallaci. Kai ko zinare aka zubar ba za ka ɗago kai ba."

A bayan firjinsa na sola na ga fanka biyu. Na yi lissafi a takarda, na gamsu ɗaya ta isa. Ƙusa huɗu na kwance. Da yamma na rubuta: fankar firjin Alhaji, digiri bakwai.

Firjin bai mutu ba. Fitilarsa na ci, yana ƙara, sanyin ne kawai ya ragu. Abin da ban sa a lissafina ba shi ne abin da ke ciki. A nan Mama Ladi take ajiye allurar ciwon suganta, don gidanta babu wuta. Ta yi makonni tana yin allurar da zafi ya lalata. Wata safiya ta faɗi a wajen gashin tukwane. Ta rayu, amma ganinta bai dawo daidai ba, ta bar ginin tukwane.

Mai gyara ya ga gurbin fankar, Alhaji ya tuna wanda ya bar wa shago. Da 'yan sanda suka zo, ɗayansu ya buɗe littafina ya yi dariya. "Oga, ka hutar da mu. Har da kwanan wata ka sa!"

A gidan yari ɗakinmu cike yake, taga ɗaya. A wannan zafin na yi ta tunanin kwalaben allurar nan a cikin firji.

Ranar da na fito, wajen Mama Ladi na fara zuwa. Ta gane ni da murya.

"Ruwan randar da na ba ka, bai yi sanyi ba ne?"

"Ya yi, Mama."

"To, me ka je nema?"

Na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe, don Allah. Alhaji kuwa har yau ba ya amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsa ba.

Ƙannena, na tuba, ina roƙon Allah gafara. Ban taɓa ɗaukar kaina ɓarawo ba, saboda ba na shaye-shaye, ba ni da abokan banza, kuma kullum ina da hujja. Ku ji tsoron hujjar da kuke kawo wa kanku. Abin da ba naku ba ku bar shi a inda yake, ko da kun ga guda biyu ne. Ba ku san ran wa ya rataya a kan na biyun ba.