Taɓaryar da Ta Kira Babana

A gidanmu na Matankari ba a faɗin sunan maigida. Innarmu ba ta faɗa, don mijinta ne. Mu 'ya'ya ba mu isa ba. Kaka kuwa, wadda ta haife shi, ita ta fi kowa nisa da sunan, domin Baba ɗanta ne na fari, kuma a garinmu uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da shi. In magana ta kama sai ta ce "wancan". Sunansa Arzika. Yanzu ma da na rubuta shi sai da hannuna ya yi nauyi.

Ban fi shekara takwas ba, ba a daɗe da sauke tutar Nasara ba, Baba ya dawo daga soja. An daɗe ba labarinsa, har wasu sun fara yi wa Inna kallon tausayi. Ranar da motar Dogon Dutsi ta sauke shi, gari ya cika gidanmu, ana guɗa ana kuka. Kaka ba ta fito ba. Na ruga ɗakinta na tarar tana kaɗin auduga.

"To, na jiya," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "A ba wancan ruwa shi sha."

Na ji haushinta ƙwarai. A raina na yanke cewa tsohuwar nan ba ta son ubana.

An gama girbi, sanyi ya fara shigowa. Bayan mun ci tuwo Kaka ta hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta kamar kullum, jikoki suka kewaye ta. Ni na zauna nesa ina kumbure-kumbure.

"Angona, hushi kaka yi da ni?" ta ce, don haka take tsokanata. "Miji ba ko goro, sai hushi. Matso. Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri."

Ranar ta ba mu wata gatana, wato tatsuniya, wadda ba mu taɓa ji ba. Wai wani yaro ne ya tafi kiwon awaki, ya fake a gindin kuka, doguwar da ke cikin kukar ta haɗiye shi. Aljanar ta ce ba za ta sake shi ba sai wadda ta haife shi ta zo ta kira sunansa. Ga shi kuwa ɗan fari ne. Ƙannen ubansa suka kira, shiru. Mai gari ya kira, shiru. Uwar ta je gindin kukar sau uku, ta buɗe baki, kunya ta rufe shi, ta koma gida tana kuka a ɓoye. A na huɗu sai ta ɗauki turminta da geronta, ta kai su gindin kukar, ta hau daka. Mace kuwa in tana daka, ba mai kama ta da laifin abin da ta rera. Nan Kaka ta aje mazarinta, ta fara buga tafin hannu a cinya:

Arzika, Arzika, hito ka sha hura,
Geron bana ya nuna, ba mai ci.
Ni ba kira nika yi ba, daka nika yi,
Arzika, taɓarya ta ka kiran ka.

Muka dubi juna, muka toshe baki muna dariya. Kaka ta faɗi sunan Baba! Ta daka mana tsawa mu amsa, muka amsa, amma in an zo kan sunan sai mu yi "hm hm" mu wuce. Kuka ta tsage, yaro ya fito, uwarsa ta miƙa masa ƙwaryar fura ta juya baya. Baba yana can gindin rumbu, ya ba mu baya, yana ta goge takalman sojansa da ba abin da ya same su.

Waƙar ta zama tamu. Mun rera ta wurin kiwo, mun rera ta a hanyar lakwal, wato makarantar boko, don daɗin bugunta kawai. Duk shekara bayan girbi Kaka takan maimaita gatanar, kuma duk ranar Baba sai ya sami wani aiki a gindin rumbu. Ban taɓa haɗa abubuwan nan biyu ba. Na girma, na tafi Yamai aiki, waƙoƙin rediyo suka cika mini kunne, Kaka ta rasu ba na nan.

Sai da na haifi 'yata ta fari, ni ma kunyar ɗan fari ta kama ni, harshena ya ƙi ɗaukar sunanta, waƙar ta dawo mini. Wata rana yarinyar na fama da zazzaɓi, na tsinci kaina a bakin ƙofa ina rera ta a hankali, na kasa shiga. A nan na gane abin da tsohuwar ta yi. Ta bi al'ada har ƙarshen ranta, amma ta nemo wa ƙaunarta 'yar ƙofa, ta ƙaga kuka da doguwa da turmi don ta kira ɗanta a gaban kowa. Na yi kunyar fushin da na yi da ita, ga shi ba ta nan balle in roƙe ta gafara.

A ciwonsa na ƙarshe na koma Matankari jinyar Baba. Idanunsa sun tafi, bai cika magana ba. Wata la'asar mata na daka a maƙwabta, sai na ji yana bin bugun da yatsa a kan tabarma.

"Ka tuna waƙar tsohuwa?" ya ce. "Yi min ita."

Na fara, da na zo kan sunan na yi "hm hm" kamar yadda muka saba. Ya kama hannuna.

"A'a. Hwaɗi shi. Tun da ta haihe ni, nan ɗai ta taɓa kira na. Tun da tat tahi ban ƙara jin shi ba cikin gidan ga."

Ina da furfura a gemu, amma sai na koma kamar yaro. Na rufe ido na rera ta yadda Kaka ke yi, na faɗi sunan ubana da bakina.

Ya juyo da fuskarsa wajen ƙofar ɗakin Kaka, ya ce, "Na'am, Inna."