Farfelar Baffa a Kan Soro

Shekaranjiya ina layin gidan mai da jarka a hannu saboda janareta, sai wata mata ta gifta da kwalbar kananzir. Warin ya bugi hancina, kuma tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Ya mayar da ni zauren gidanmu na Ƙofar Jatau, shekarar da kananzir ya yi ɓatan dabo.

Kakanmu malami ne. Tsakanin Magariba da Isha yake ba manya karatu a zaure, da fitilar ƙwai a gefen buzunsa. Idanunsa sun fara rauni, in ba haske sosai ba ya ganin rubutu. Da mai ya yanke, babanmu kan yini a layi ya dawo da galan wayam, wai jirgin da zai kawo man bai iso ba. Ni abin ɗaure mini kai yake yi: a ƙasarmu ake haƙo shi, amma sai ya je wata uwa duniya an tace kafin fitilar Malam ta kama. Kaka ta gwada man gyaɗa da lagwanin auduga, hayaƙin ya dinga sa Malam hawaye. Ɗalibai suka fara janye jiki. Karatun da ya gada daga mahaifinsa yana neman mutuwa a hannunsa, kuma kowa a gidan ya san abin na cinsa.

Baffanmu gyaran keke yake yi a Tukur-Tukur, irin mutanen nan da ba sa iya ganin ƙarfe su ƙyale. Ya yanka tsohon kwanon rufi ya yi farfela, ya ɗaura a tayar keke, ya haɗa da ɗan injin nan da ke ba fitilar keke wuta. Ya ce ita iska ba ta jiran jirgi.

To, ka san a cikin birni ba a hawa soro haka kawai. Gidaje a manne suke, wanda ya hau yana kallon tsakar gidan maƙwabta, inda mata ke harkokinsu ba mayafi. Sai an aika gida-gida an ce za a hau sama. Ranar kafa farfelar an aika, kowa ya kimtsa.

Bazara ce, iskar gaban hadari na kaɗawa da yamma. Ƙwan lantarkin da Baffa ya rataya a zaure ya yi ja, ya yi fari. Malam ya buɗe littafi ya karanta ba gargada, ya ɗago ya ce, "Ashe tana bisa kanmu tuntuni." Ɗalibai suka dawo. In iska ta lafa haske ya dushe, sai ya ɗora yatsa a kan layin, a zauna ana hira har ta taso.

Wata la'asar guguwa ta karkatar da sandar da ke riƙe da farfelar a kan soro. Baffa ya ga za ta faɗo kan mutane, ya haye ba tare da aike ba. Da Magariba maƙwabcinmu, wanda tare suka tashi da Malam, ya shigo zaure. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, ɗazu iyalina na tsakar gida."

Malam ya san abin da iska ke wasa da shi kullum sai an hau an gyara, kuma ba kullum za a samu sukunin aike ba. Ya ce, "A sauke ta."

"Baba, karatun fa?" in ji Baffa.

"Haƙƙin maƙwabci yana cikin littafin nan. Da wane baki zan karanta shi?"

Har yau ina jin haushin hukuncin nan, kuma har yau na kasa cewa ya yi kuskure. Kafin kananzir ya wadata idanun sun tafi. Karatun Magariba bai sake zama ba.

Yanzu ka ɗaga kai a unguwarmu, soro-soro allunan sola ne. Ni ne na tsaya jan ƙafa, ina ta ciyar da janareta. Shekaranjiyan nan na fice daga layin, na kira masu haɗawa. Yau da safe suka jingina tsani, na ce su dakata, na bi maƙwabta da kaina na sanar. Babban masu haɗawar ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai yanzu ba a yi."

Na ce su fara da zaure. Ga shi can fes da haske, ko iska ta lafa ba ya dushewa. Buzun yana rataye a bango, ba mai zama a kai.