Dashen Lemun Kaka da Allurar Zafin Mota

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga ƙauyenmu da ke kusa da Kamlin, ni da kawuna da kakata, a tsohuwar motar kawu mai buɗaɗɗen baya, irin wadda mutanenmu ke kira boksi. Garin Abu Na'ama muka nufa. Kayanmu ba su da yawa, amma akwai abin da ya fi komai muhimmanci: 'yan dashen lemun tsami a cikin ledoji, da jarkar ruwa guda ta shayar da su a hanya. Daga bishiyar da marigayi kakana ya shuka aka samo su. Bishiyar ta bushe a shekarun da ruwa ya yi ta yankewa a magudanar gonakinmu, dashen nan kaɗai suka rage. Kaka ta yanke shawarar kai su lambun ƙanwar mahaifiyata da ke bakin kogi a can Abu Na'ama, inda ruwa ba ya yankewa, ta kuma ce da hannunta za ta dasa su.

Hanyar Hasahisa ta yi mana daɗi. An gama girbin alkama, gonaki sun yi fili har iyakar gani, magudanan ruwa kuma a bushe suke, domin a wannan lokaci na bazara ne ake rufe su a yashe laka. Mun tsaya wurin wata mai shayi, muka karya da shayin madara da ligemat masu zafi, wato wani irin ƙananan fanke. Farashi ya hau ƙwarai, ligemat ɗin kuwa sun ƙanƙance, har Kaka ta ɗaga ɗaya tana tambayar matar ko kurna ce.

Mun wuce Hasahisa kaɗan sai allurar ma'aunin zafi ta yi tsalle ta shiga ja. Kawu ya yi salati ya gangara gefen titi. Motar nan ita ce sana'arsa, da ita yake kai albasa kasuwar Managil, saboda haka ban ga laifinsa ba. Ya ɗaga bonet, ya yi abin da direbobin yankinmu suka saba, wato ya ɗauko jarkar ruwan dashen ya kwarara wa lagireto ruwa ta waje. Muka jira, ya tayar, allura ta sauka, muka ci gaba. Bayan mun wuce garin Madani abin ya sake faruwa, aka sake kwarara ruwa. Sau biyun nan duk a fili muka tsaya, babu gida babu rumfa, rana tana dukan bayan mota kai tsaye. Da na leƙa, ganyen dashen sun fara naɗewa.

A karo na uku muna tsakanin Madani da Sinnar, rana ta take tsaka. Kawu ya zagaya baya zai ɗauki jarka, ya tarar Kaka ta riga shi. Ta sauko da ita ƙasa, ta zauna a kanta, ta gyara mayafi.

"Inna, ki yi haƙuri ki tashi, injin zai ƙone," in ji kawu.

"Direba," ta ce, domin ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, "wanda duk ka son ruwan ga, sai shi ɗauke ni tukuna. Motakka ta sha sau biyu, ɗiyan iccen tsohonka ko sau guda ba su sha ba." Ta juyo gare ni. "Kai kuma maigida, an kai ka jami'a don ka tsaya kana kallo?"

Na amsa mata da cewa tattalin arziki na karanta, ba kanikanci ba. Ta ce to in tattala mata ruwan.

Babu yadda muka iya, sai muka bar bonet a buɗe, muka yi taimama muka yi sallar azahar a 'yar inuwar wata ƙaya. Kaka ta yayyafa wa dashen ruwa, ta jiƙa wani tsohon zane ta lulluɓe su. Wannan zama na dole shi ne ya ba mu damar yin tunani. Na gaya wa kawu abin da na lura da shi: duk sau ukun, allurar ba ta hau a hankali ba kamar yadda zafi ke taruwa, tsalle ta yi lokaci ɗaya. Shi ma ya ce bai ji ƙaurin komai ba, bai ga tururi ba, ƙarfin motar kuma bai ragu ba.

Sai muka bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Da injin ya huce har ana iya riƙe tiyon sama da hannu, kawu ya sa tsumma ya buɗe murfin lagireto, ruwa cike yake. Ƙarƙashin mota babu ɗigo. Bel ɗin fanka yana nan da ƙarfinsa, man inji kuma bai sauya launi ba. Daga nan ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba, nan take allura ta koma ja. Injin da hannu ke iya taɓawa ba zai kai wannan zafi ba. Kawu ya lalubo wata 'yar na'ura da ke ɗaure a kan injin, wadda ke kai wa allurar labarin zafi, makanikanmu suna kiran ta hassas. Ya zare wayarta, allura ta sauka. Ya mayar, ta koma ja.

"Ashe wannan 'yar abar ce take mini ƙarya tun safe," ya ce, yana share zufa.

Duk da haka bai saki jiki ba, kuma na yaba masa. A hankali ya tuƙa zuwa Sinnar, yana tsayawa jefi-jefi ya taɓa tiyo ya saurari injin, ba ya barin tsayuwar ta yi tsawo. A unguwar makanikai wani mai gyaran wutar mota ya kwance na'urar, ya nuna mana tsagewa da tsatsa a jikinta, ya ɗaura wata. Kafin ya gama mun cika jarka, mun kai dashen inuwa, mun ci soyayyen kifi da barkono da burodi a kusa da madatsar ruwan garin. Ban taɓa cin kifin da ya kai shi ba, ko da yake yunwa ma ta taimaka.

Daga Sinnar zuwa Sinja allurar ta tsaya a tsakiya. Ƙasar ta fara sauya kama, itatuwa suka ƙaru, lambunan ayaba da mangwaro suka bayyana a gefen kogi. Mun shiga Abu Na'ama da la'asar sakaliya. Tun kafin a gama gaisuwa Kaka ta nemi fartanya, ta durƙusa ta dasa 'yan lemun da kanta, tana ambaton sunan Allah a kan kowanne. Guda ɗaya ya riga ya ƙone, sauran kuwa da safe muka tarar ganyensu ya miƙe.

Mun kwana biyu ana hira da Hausar Sakkwato mai gauraye da Larabci, sannan muka juyo gida lafiya. Abin da na koya shi ne, idan allura ta shiga ja, tsayawa wajibi ne, amma bayan tsayawa sai a bincika da ido da hannu kafin a kashe abin da ba a da madadinsa. Muna isa ƙofar gida Kaka ta sa na buga wa ƙanwar mahaifiyata waya a Abu Na'ama, tun ba ta cire takalmi ba, don ta ji ko an yi wa dashen ban ruwan yamma.